Waya Har Ɗakin Yaya Balki

Tun da na dawo daga garin Tawa ban samu na yi aikin kirki a shago ba. Mace za ta shigo da takardar da take so a buga mata, ta ajiye a kan tebur, ta ja kujera ta ce, "To Luba, ba mu labari. An ce har bango kinka huda a ƙasar mutane?" Na ba matan islamiyyarmu, na ba maƙwabta, kowa kuma da wurin da yake so in tsaya in ƙara bayani. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi tun daga tushe, tunda injin bugawar nawa ne.

Sunana Lubabatu. Ina da ɗan shagon buga takardu da ayyukan intanet a gaban gidanmu, nan Tudun Wada ta Sakkwato. Yaya Balki ce babbarmu, ita ta goye ni. An kai ta aure Tawa, cikin Nijar, ina 'yar firamare, rabona da garin ke nan. Da mijinta Alhaji Mamman ya rasu ina kwance da zazzaɓin taifot, sai yayyenmu maza suka je gaisuwa. Suka dawo suka ce tana lafiya, ta yi haƙuri. Abin da namiji zai iya gani daga bakin ƙofa ke nan.

Ana nan sai 'yarta Sa'adatu ta kira ni daga Abijan, inda take aure. Cikinta ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya. Tana kuka ta ce, "Inna Luba, tun da Baba yar rasu ban ga huskar Mama ba. In na kira, sai mu yi ta alo, alo, shi yanke. Ina jin hushi takai da ni don ban zo ba."

Na lallashe ta, sannan na kira Malam Habibu, ƙanin marigayi, wanda ke da kanti a gaban gidan nasu. Ya ce mini cikin gidan sabis ba ya shiga, ginin ƙasa ne na da, unguwar kuma a kwari take. Yana da waifai a kantinsa. Har ya sayo 'yan akwatunan nan guda biyu masu ƙara masa zango, ya sa ɗaya a zaure, aka kai ɗaya ɗakin Yaya. Waya na nuna sanduna a cike, amma da an kira sai hoto ya daskare. Mai gyara ya ce sai an ja waya, Gwaggo Kulu kuwa, gwaggon marigayi, ta ce babu baƙon namijin da zai shiga gidan mai takaba, balle ya tsaya a ɗakinta.

Na san ciwon, don na yi jinyarsa a gidana. Babban akwatin da ke kawo intanet, wato rauta, shi ne uwa. Ƙananan suna karɓa daga gare shi ta iska su miƙa gaba. In bango ya yi kauri, na ƙuryar gida kaɗan yake ji. Kamar ɗan aike ne da ya tsaya kusa da kunnenki yana magana raɗau, amma rabin saƙon ya jiyo. Wayarki tana jin sa sarai, shi ya sa sanduna ke cika, shi ne dai bai ji uwar ba. Da na haɗa uwar da na ɗakina da waya ta cikin silin, magana ta ƙare, kuma da hannuna na yi. Na ce wa Malam Habibu, "Ni dai mace ce, kuma ɗakin yayata ne. Ina nan tahe."

Maigida ya kai ni Tashar Illela da hantsi. Kayana jakar tufafi ce ƙarama, sai wata ƙatuwar Gana-mas-go da na zuba naɗin waya shuɗiya, da injin huda bango, da filayar matse kan waya. Direba ya ɗaga jakar ya ce, "Hajiya, duwatsu kika kai musu? Ai suna da su." Aka tura ta but, aka ɗora buhun gero a kai, aka ɗaure murfin da igiya. Mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Wadda ke kusa da ni wata dattijuwa ce mai jiki, Hajiya Ramatu, 'yar Ƙonni ta Nijar, tana sarin atamfa a kasuwar Sakkwato. Kafin mu kai Kware ta san sunan mijina da yawan 'ya'yana, kafin Gwadabawa rabin cinyarta na kan tawa, mun zama 'yan uwa.

Bayan Gwadabawa taya ta yi faci. Muka sauka muka zauna a gindin wata bedi, direba ya kwance igiya, ya sauke gero, ya sauke jakata, ya ciro safaya, ita ma sai ga ta babu iska. Ya hau bayan wani mai babur ya tafi da ita. Ni ko a jikina, don Malam Habibu ya ce mini motar Tawa ta ƙarshe ƙarfe biyar take tashi daga Ƙonni. Haka dai na ji. Muka sayi gyaɗa da rake wurin 'yan talla, Hajiya Ramatu tana ba ni labarin surukarta.

Daga Illela muka hau kabu-kabu zuwa bakin iyaka. A ɓangarenmu aka duba katina aka ce Allah ya kiyaye. A ɓangaren Nijar, inda suke ce wa duwan, wani ma'aikaci dogo mai gashin baki ya nuna jakata da baki.

"Madam, mi ag ga jakka?"

"Waya ce."

Ya dubi girman jakar, ya dube ni. "Waya? Guda nawa?"

"Guda ɗaya ce, amma doguwa."

Ya kira abokin aikinsa, suka yi 'yar magana da Faransanci, na ga fuskokinsu sun canza. Ashe ya ɗauka wayoyin salula na cika jakar da su zan kai kasuwa, kuma ina yi masa ba'a. Ya ce in buɗe. Zif ɗin ya ƙi, na ja da ƙarfi, sai ya tsage gaba ɗaya. Naɗin wayar ya faɗo ya gangara yana warwarewa har ƙarƙashin wata motar albasa. Ma'aikacin ya tsaya yana kallo, sai ya fashe da dariya. "A'a! Wanga ai fil na! Ki ce fil mana, Madam!"

Da ya ga injin huda da filaya ya tambaye ni ko ni makanisiya ce, wato bakanikiya. Na gaya masa inda za ni da dalili. Dariyar ta tsaya, ya yi wa mamacin addu'a, ya sunkuya da kansa ya jawo wayar daga ƙarƙashin mota. Hajiya Ramatu ta miƙe hannayenta biyu, ina naɗawa a kai kamar masu warwarar zare, mutane na wucewa suna kallonmu. Ya samo mana igiya muka ɗaure jakar.

Muna isa tashar manyan motoci a Ƙonni bayan la'asar, mai sayar da tikiti ya ce motar Tawa ta daɗe da tafiya. Na ce ai biyar ba ta yi ba. Ya ce, "Sha biyar dai, Madam." Na ce ina aka taɓa yin ƙarfe sha biyar? Hajiya Ramatu ta riƙe ciki tana dariya. Su can agogonsu ba ya komawa ɗaya bayan sha biyu, wucewa yake yi. Sha biyar ɗinsu ita ce ukunmu. Malam Habibu daidai ya faɗa, kunnena ne ya yar da "sha" ɗin don bai san inda zai ajiye shi ba.

"Ba ki shiga ƙaramar mota da marece," in ji Hajiya Ramatu. "Gidana za ki kwana. In kin ƙi, ba ni ƙara zuwa sarin atamfa Sakkwato."

Gidanta babba ne, cike da jikoki da tantabaru. Aka kawo mini ruwa a kwanon sha, aka kawo fura, sannan kopto, wato zogale da aka kwaɗa da ƙuli da albasa. Irin kwaɗonmu ne, sai dai sun fi mu sakin hannu da albasa da mai. Abin da ya fi ba ni mamaki Hausarsu. Na je Kano an yi ta maimaita maganata ana dariya, amma nan na tsallake iyakar ƙasa na tarar ana magana kamar a Ƙofar Atiku ta can gida. Sai dai can tsakiyar zance su jefo wata kalma ka rasa inda ka dosa. Wutar lantarki kuran ce, sabis rezo ne, makaranta lakwal. Da safe aka ce in zo in sha kafe, na ce ba na shan kofi, yana sa ni bugun zuciya. Aka kawo, ashe madara ce da ruwan zafi da sukari, kofin ma sai wanda ya nema. Burodinsu dogo ne kamar muciya, bayansa da tauri, cikinsa iska. Na ci rabi na ji dasashina na zafi, jikokin Hajiya kuwa sai ƙarar ɓawo kake ji.

Ta raka ni tasha da kanta. Can na ga abin da ya burge ni: kowa da kujerarsa, an rubuta lamba, babu mai ɗora maka cinya. Amma a hanya an tsayar da mu ya fi a ƙirga, kowa ya ɗaga katinsa, a leƙa a wuce. Daga Tsarnawa muka karkata arewa, ƙasa ta koma ja, duwatsu baƙaƙe, rumbunan albasa jere a bakin hanya. Kusa da ni wata Buzuwa ce da jaririnta. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin nasu, amma ta kwance bakin mayafi ta ba ni wani abu fari, falle kamar takarda mai kauri. Na gatsa, haƙorina ya ce bai san zancen ba. Ta yi dariya ta nuna mini a ɓalla kaɗan a bar shi a baki ya jiƙa. Cuku ne, busasshen nono. Daɗinsa sai a hankali yake fitowa.

Malam Habibu ya tarbe ni ya kai ni gida. Tun daga zaure na gane dalilin da akwatunansa suka kasa. In ka tsaya a bakin ƙofa, kaurin bangon ya kai kamu biyu. Daga kanti zuwa ɗakin Yaya akwai bangon kanti, da na zaure, da wani shigifa, sannan tsakar gida, sannan nata.

Na yi sallama na ɗaga labule. Tana zaune a kan tabarma ta jingina da gado, carbi a hannu, 'yar wuƙa a gefenta. Yaya Balki mace ce mai jiki, in ta zo Sakkwato ita ke cika ɗaki da murya. Wadda na tarar, ƙasusuwan wuyanta sun fito, zoben hannunta ta naɗa masa zare don kada ya zame. Ta ɗago ta ce, "Luba. Kin zo." Shi ke nan. Na faɗa jikinta na yi kuka, ita ke bubbuga bayana, idonta a bushe. A gefe ga kwanon tuwo an rufe da faifai, ko ɗaga shi ba a yi ba. Zali, matar Malam Habibu, ta raɗa mini a tsakar gida cewa kullum haka ake fitar da shi, sai ɗan kunu take kurɓa.

Washegari na kwance kayan aiki. Gwaggo Kulu ta fito da sandarta ta tsaya a kaina. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, amma ko Malam Habibu sai ya rage murya in tana kusa. Ita ta juya madubin ɗakin ya fuskanci bango, ita ta ba Yaya wuƙar, wai tsari ce ga mai takaba. Mu ma tsofaffinmu sun yi haka a da, kafin malamai su yi ta bayani a bari, amma ban je can don in yi wa'azi ba.

"Ɗiyata," ta ce, "an ce wanga abu huskar mutum shika nunawa. To ai madubi na. Mai takaba ba ta duba madubi."

"Gwaggo, ba kanta za ta duba ba. Ɗiyarta za ta gani."

"Ƙarya kikai. Na gani ga Zali. Can ga lungu akwai wata 'yar huska, ta mai riƙon."

Gaskiyarta. Na ɗauko baƙin salatif na yanki ɗan guntu na manna a kusurwar wayar Yaya, daidai inda hoton mai kira ke fitowa. Na miƙa wa Gwaggo. Ta juya ta, ta kai kusa da ido, ta shafa da yatsa. "To," ta ce. "Amma kada ki kashe muna bango."

Mishkila ta farko filogi. Na injina ƙafa uku ne masu faɗi, ramukan bangonsu biyu ne zagayayyu. Sai da aka aika kasuwa aka samo mahaɗi. Ta biyu, bakin injin ya nutse cikin bangon har gindi bai ko leƙa waje ba. Zali ta kawo guntun rodi da buta, muna zuba ruwa muna murzawa, jar ƙasa na zubo mana a ƙafa. Muka yi ta fama har hannuna ya yi kanta. Gwaggo Kulu na zaune a kan turmi tana kallo, tana tauna goro. Da ta ga mun zauna muna haki sai ta taso, ta shiga ɗakin, ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa wani wuri can sama kusa da kan gado.

"Nan taga ta, da. Mamman yas sa anka toshe ta shekaran da sanyi yak kama Sa'adatu. Tubali guda na."

Na dubi Yaya. Ta ɗaga kai tana kallon wurin. Na hau kujera na sa injin, kafin in gama bisimilla haske ya shigo.

Ɓangaren kanti Malam Habibu ya yi da kansa, ina tsaye a zaure ina gaya masa. Muka bi da wayar ta saman ƙofar zaure, ta gefen shigifa, muka shimfiɗa ta a tsakar gida muka tafi salla. Muna idarwa muka ji Zali na salati. Akuyar Gwaggo ce ta samu wayar, ta tauna wuri biyu, tana tsaye da guntun shuɗin roba a baki tana kallonmu kamar mu muka shigo mata gida. Gwaggo ta ce akuyarta ba ta taɓa ɓarna ba, launin ne ya yi kama da ganye. Ni dai ban san ganyen da ke shuɗi ba.

Irin wannan waya ba a son ɗaura ta, don 'yan siraran wayoyi takwas ne a ciki, in an yi ɗauri sai ta riƙa wasa. Allah ya sa na taho da ita da yawa. Muka zare wadda ta lalace muka sake jan sabuwa, wannan karon cikin bututun roba. Ni da Zali da wata maƙwabciya muka haƙa ɗan rami da fartanya muka binne shi, saboda akuya, da kuma rana, don ranar Tawa sai ta gasa roba ta farfashe. Na zauna a bakin ƙofar Yaya na feƙe kan wayar, na jera siraran bisa launinsu, na matse. Na soka a bayan akwatin ɗakin, Malam Habibu ya soka nasa a bayan uwar. Ba abin da ya faru. Na zare na duba, ashe garin amsa tambayoyin Gwaggo na musanya kore da ruwan goro. Na yanke na sake. 'Yar fitilar akwatin, wadda tun zuwana take ja, ta yi ƙifce-ƙifce ta koma fara. Na kira wata ƙawata a Sakkwato don gwaji, sai ga ta tar, har ina ganin tururin tukunyarta.

Zali ta rangaɗa 'yar guɗa ta tuna gidan makoki ne ta rufe baki. Na juya da murna na miƙa wa Yaya wayarta. Ba ta karɓa ba. Ta jira kowa ya fita, sannan ta ce, "Luba, zare abin nan."

Na zauna kusa da ita.

"Kin ga bakin rijiya can? In na tsaya nan, kira na shiga, ana jin magana. Na sani tun ba yau ba. Ni ce ba ni zuwa." Ta miƙo hannayenta ta juya su. "Dube ni. Yarinyar nan in ta gan ni haka, mota za ta shiga da cikin nan, ko mi likita yac ce. In wani abu yas same ta ga hanya, in ce mi? Kuma idon ubanta gare ta, Luba. Ban san ko ina iyawa ba."

Duk tsawon hanya ina lissafin bango da waya, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce, "Yaya, kin san abin da tac ce man? Ta ce hushi kikai da ita don ba ta zo ba. Da shi take kwana, da shi take tashi, ga ciki."

Ta dube ni da sauri. "Ita tah hwaɗi haka?"

"Da bakinta."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ban zare wayar ba. Na ajiye mata salular a kan matashi na fita taya Zali tankaɗe.

Ranar ba ta kira ba. Washegari da hantsi ina wanke-wanke na ga ta fito ta yi wanka, ta koma ta ɗaura wani farin kallabi mai tsabta, ta lulluɓe wuyanta da mayafi har haɓa. Ta leƙo ta ce, "Zo ki latsa man. Ki zauna, amma kada ki sa baki."

Bugu ɗaya Sa'adatu ta ɗauka. Fuskarta ta cika wayar, ta kumbura irin ta masu tsohon ciki. Ta buɗe baki ta ce "Mama," sai muryar ta ƙi. Suka yi ta kallon juna. Na saba in hoto ya tsaya haka in ce sabis ne, amma ina ganin labulen bayan Sa'adatu na motsi. Sai hawaye suka zubo wa Yaya, na farko da na gani tun zuwana, ba ta ko share ba.

"Ban yi hushi ba," ta ce. "Kin ji? Ban yi hushi da ke ba. Ubanki ma da shina nan, shi za ya hana ki tahowa."

Suka yi kukansu. Gwaggo Kulu ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta juya ta koma tana jan hanci tana faɗa da akuya. Da suka natsa, Yaya ta ce a nuna mata ƙafafu. Sa'adatu ta karkata wayar. "Kin gani? Kumburi. Gishiri kika ci. Ki rage, ki riƙa ɗora su bisa matashi."

Sa'adatu ta share ido ta matso da fuskarta. "Mama, janye mayahin nan."

"Sanyi nika ji."

"Ga Tawa? Da wanga zahi? Janye."

Yaya ta janye. Na ga yarinyar ta runtse ido, na ce yanzu za ta ce ga ta nan tafe. Amma sai ta ce, "Inna Luba, kina nan? Mi ag ga kwanon can?" Na ɗaga faifai: ɗumamen tuwon gero da miyar kuka. Ta ce in miƙa wa Mama. Ta tashi da ƙyar ta ɗauko nata kwanon ta zauna. "Ni ma ban karya ba. In ba ki ci ba, ba ni ci, jikanki ma ba shi ci. Sa hannu."

"Ke ni za ki yi wa wayo?"

"Sa hannu, Mama."

Na jingina wayar da kwanon sha. Yaya ta wanke hannu ta gutsura. Loma tana yi, loma Sa'adatu na yi daga Abijan, suna gardamar ko daddawar can ta kai ta gida. Ba ta cinye ba, amma ta ci fiye da rabi, ta kuma ce a miƙo mata ruwa.

Na ƙara 'yan kwanaki. Akwatin zaure na mayar da shi ɓangaren Zali, tunda yanzu na ɗakin Yaya ya ƙoshi, yana iya ba maƙwabcinsa ta iska. Kullum da hantsi da bayan la'asar sai ka ji ana kira, a ɗauko kwano. Ranar da zan taho ina naɗe ragowar wayar, Gwaggo Kulu ta sa sandarta ta danne bakinta. Ta ce tana da jika a Agadas, kuma bangon ɗakinta bai kai na Balki kauri ba. Na bar mata, na koya wa Zali jeren launukan, na bar mata filayar. Gwaggo ta cika mini jaka da cuku da kilishi. Yaya ta rako ni har bakin shigifa, iyakar inda take tsayawa, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Dawowa ba wani labari. Na biya na gaida Hajiya Ramatu, ta ƙara mini albasa a kan kayana. A iyaka wani ma'aikacin daban na tarar, ya leƙa jaka ya ce in wuce. Na iso Sakkwato da yamma a gajiye, na tarar da gida yadda maigida da yara suka ga dama suka bar shi.

Washegari ina zaune a ɗaki ko shara ban yi ba, sai ga kiran Yaya. Na ɗauka ina tambayarta kwanan gida. Ba ta amsa ba, na ga tana leƙen bayana.

"Luba, matsa gehe in gani. Wancan tulin wanki na bisa kujera, tun yaushe shike nan?"

Na ce, "Yaya, jiya-jiya hwa nid dawo."

"Shi ya sa anka hana ki ɗauke shi? Ga yanar gizo can ga silin. Haka nik koya maki? Tashi ki ɗauko tsintsiya, ina kallo."

Ni da 'ya'ya huɗu, babbar har ta shiga jami'a. Na jingina wayar da filo, na tashi na ɗauko tsintsiya.